Kunkurun Da Ya Koma Ɗauko Tabarau

Masu cewa na yi shiru kwana biyu ne saboda aure ya taso, ku kwantar da hankalinku, ku mayar da sababbin ɗinkunanku cikin akwati. Kunya ce ta hana ni rubutu, kuma ba kunyar soyayya ba. Ta fi wannan muni. Kunyar fim ce.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo ni: ni ce babbar 'yar gidanmu, ina aiki a shagon tabarau, ina gwada wa mutane ido ina ɗaura musu gilashi a firam. Tun rasuwar Baba mu uku ne a gidan, ni da Mama da ƙanwata Auta. Na huɗun da Mama take so ta ƙara shi ne wani bawan Allah da muke kira Haka-Ne.

A kujerar gwaji ya samu sunan. Ya zo wai yana ganin dishi-dishi, na zaunar da shi gaban allon haruffa, na ɗora masa firam ɗin ƙarfe mai nauyi, na fara sauya gilasai.

"Wannan ya fi, ko wannan?"

"Haka ne."

"Malam, tambaya na yi. Na farko ko na biyu?"

"Duk sun yi, Likita."

"Ni ba likita ba ce."

"Haka ne, Likita."

Na gaji na zaɓar masa lamba da ka, na ce Allah ya sa a dace. Ya dawo ya karɓa, ya saka, ya ce bai taɓa gani haka ba. Daga baya na ji inda yake aiki, sai komai ya fito fili: teburin karɓar ƙorafi na wani kamfanin waya. Shekara da shekaru ana biyansa albashi don ya yarda da mutanen da suke zaginsa. Ba hali ba ne kawai, sana'a ce.

Mama kuwa tun ranar da ya fara zuwa gidanmu ya canza mata ƙwan lantarkin kicin ta yanke hukunci.

"Yaro mai ladabi. Ba hayaniya, ba musu. Me kike nema kuma, mai dukan tebur?"

"Mama, ina neman wanda in na ce masa kifi yana hawan keke zai ce mini ƙarya nake yi."

"To ki auri alƙali."

Na gwada shi, jama'a, kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na taɓa zuba masa gishiri a shayi na ce haka ake yayi yanzu. Ya shanye har ƙasan kofi, ya ce lallai yana buɗe maƙogwaro. Na ce masa ina son ruwan sama, ya ce haka ne. Kafin ya ajiye kofin na ce na tsani ruwan sama, ya ce ai kuwa yana ɓata takalmi. Sai na yi wa kaina alkawari: ranar da mutumin nan ya ce mini a'a sau ɗaya tak, zan duba maganarsa. In bai ce ba, ba zan ƙare rayuwata ina hira da madubi ba.

Yanzu ga inda fim ya shigo.

Kun san babban kamfanin nan na ƙasar waje da ya raine mu da katun. Ba sai na kira suna ba, ba su biya ni talla ba. Tun da ya buɗe manhajarsa ta kallo, ya ɗauki shebur ya shiga maƙabartar tsofaffin fina-finansa, yana tono su ɗaya bayan ɗaya yana sake yin su wai da mutane na gaske. Ban damu ba har sai da shebur ɗin ya iso kan nawa: katun ɗin yarinya mai tabarau da ta ɓace tana neman hanyar gida, tare da wani tsohon kunkuru mai surutu da wata jimina da take ɗaukar kaya ba ta magana.

A kaset ɗin bidiyo muke da shi, tun ban fi tsayin teburin falo ba. Na kalle shi har na haddace numfashinsa. Kuma akwai wuri ɗaya a cikinsa da na gina rabin halina a kai. Sun haye kogi ana ruwa, sai tabarau ɗin yarinyar ya faɗi a wancan ƙetaren. Ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Kunkurun, da duk nauyin tafiyarsa, ya juya ya koma cikin ruwan, ya dawo da tabarau ɗin a baki, jikinsa duk laka, ya ce mata: "Ga idanunki, Ido Huɗu. Kada ki sake barin su a hanya."

Ido Huɗu shi ne sunan da Baba yake kirana da shi, don tun ina ƙarama nake saka gilashi. A ganina daga fim ɗin ya aro.

Da sabon ya fito, wata abokiyar aikina ta kalla. Na tambaye ta yadda suka yi wurin tabarau.

"Wane wurin tabarau?"

A ranar na buɗe guruf na hira a waya. Na sa masa suna A Dawo Mana Da Tabarau. Doka ta farko, ba mai biyan manhajar kamfanin. Doka ta biyu, ba mai kallon sabon. Ni kaina ban kalla ba, don ba sai mutum ya kalli abu ba kafin ya san ya lalace. Wannan shi ne ginshiƙin iliminmu.

Kafin ka ce me, mutane sun cika guruf ɗin har yana tari. Kowa ya tuna wurin. Wata da muke kira Uwar Hawaye ta turo saƙon murya tana sheshsheƙa, ta ce har yau in ta ji ƙamshin ruwan sama sai ta tuna kiɗan da aka sa lokacin da kunkurun ya juya. Wani da ya sa wa kansa suna Farfesa ya yi dogon rubutu mai kashi-kashi, ya ce tabarau ɗin yana nufin hankalin ɗan Adam, kogin yana nufin zamani, kamfanin kuma ya cire wurin ne don ba ya son mu yi tunani. Wani ya ce a kaset ɗin ƙasarsu sau biyu ma kunkurun ya koma. Mutum ɗaya ne ya rubuto cewa shi fa bai tuna akwai wannan wurin ba. Na cire shi nan take. Ba a shugabanci da sanyin hannu.

Na tambayi Haka-Ne ra'ayinsa.

"Haka ne, Likita. Yadda kike ba da labarin wurin, yana taɓa zuciya."

Ban lura da yadda ya jera kalmomin ba. Da ma na lura.

Wata Laraba na dawo daga aiki, ina cire takalmi a bakin ƙofa sai na ji wani kiɗa yana fitowa daga ɗakin Mama. Kiɗan da kamfanin yake buɗe fina-finansa da shi. Na tura ƙofa. Ga Mama a kan gado ta jingina da filo biyu, ga Auta ta kwantar da kai a kafaɗarta, waya ɗaya a tsakaninsu an jingina ta da kwalbar man shafawa.

"Mama! A gidan shugabar guruf?"

"Ni ban shiga ƙungiyarki ba."

"Wa ya ba ku hanyar shiga?"

Auta ta ce, "Yaya, surukinmu mana. Har hotona ya sa mini a ciki, da sunana."

Wato mutumin da yake cewa haka ne ga yaƙina shi ne yake shigo wa abokan gaba da makamai ta bayan gida. Mama ta tsayar da fim ɗin, ta cire gilashin karatunta, wanda ni na yi mata kyauta, ta nuna ni da shi.

"Ke, saurara. Yaron nan ya gaji da shan shayin gidan nan ba matsayi. Ranar Asabar da yamma zai zo ya haɗa mana abin nan a talabijin, mu kalli fim ɗin da ya hana ki sakat. In an gama ki ba ni amsa. Ko ya kawo iyayensa, ko in ba shi haƙuri ya nemi wadda ta san darajar zaman lafiya."

Na ce to. Amsata a shirye take tun ranar gishiri.

Asabar ta zo. Mama ta canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan madara da ba a zama a kansu sai da dalili, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da suke zaune a durowar gilashi kamar fursunoni. Auta ta yi kwalliya kamar ita za a tambaya. Ni kuwa na saka doguwar rigata ruwan toka da nake zuwa gaisuwar rasuwa da ita, da mayafi baƙi, da tabarau mai kaurin firam wanda yake sa kwastomomi su daina neman ragi. Ya iso da riga shuɗiya mai haske, an goge ta har karin hannun yana iya yanka burodi, da ledar lemo da biskit, da gilashin da na yi masa a kan hanci. Ya yi tuntuɓe da bakin kafet kamar kullum, ya ba kafet ɗin haƙuri.

Aka saka sabon.

Jama'a, ku bar ni in huce. Da farko, duhu. Kamfanin da ya fi wasu ƙasashe arziki ya kasa sayen fitila, har Mama ta sa Auta ta duba ko talabijin ce ta lalace. Kunkurun kuma sun yi shi na gaske sosai, da tamojin wuya da kwantsa a ido, yana raira waƙar murna da fuskar mutumin da ya daɗe a layin banki. Jiminar da ba ta magana sun ba ta murya, sun ba ta tarihin ƙuruciya mai ban tausayi, har da mahaifin da bai fahimce ta ba. Sun ƙaro wani saurayi mai gashi a goshi wanda ba shi da aikin yi a labarin sai tsayawa a inda iska take kaɗawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, yarinyar firam kawai ta saka, babu gilashi a ciki. Sana'ata ce, daga nesa nake ganewa. Fim a kan yarinya mai tabarau, an kashe abin da aka kashe, an kasa saka mata gilashi.

"Kai, amma labulen gidan nan ya yi kyau," in ji Mama.

"Haka ne, Mama."

"Saurayin nan shi ne fim ɗin," in ji Auta.

"Haka ne, Auta."

"Wannan cin mutuncin ƙuruciyarmu ne," in ji ni.

"Haka ne, Likita."

Suka haye kogi, ba abin da ya faɗi, ba wanda ya koma. Na miƙe tsaye kamar lauya.

"Kun gani da idonku. Yanzu a saka tsohon. Yana cikin manhajar, ko ba ya ciki? A saka ku ga abin da aka sace mana."

Haka-Ne ya juya rimot ɗin a hannunsa.

"Likita, ko a bari sai wata rana? Shayi zai huce."

"Saka."

Ya saka. Kiɗan farko kawai na ji idona ya cika, sai da na ɗaga gilashi na goge. Ga launukan nan, ga kunkuruna mai murmushi, ga jiminar da kayanta. Na riƙa faɗin abin da zai faru kafin ya faru, Auta tana cewa in yi wa Allah in yi shiru. Hadari ya haɗu. Ruwa ya sauko. Suka shiga kogi. Na riƙe hannun kujera.

Suka fito a ɗaya gefen. Tabarau yana nan daram a kan hancin yarinyar. Sai wasu kwaɗi suka fito daga cikin ciyawa suka jeru, suka fara waƙa a kan muhimmancin wanke hannu kafin cin abinci.

Na ƙwace rimot na mayar baya. Kogi, kwaɗi. Na sake mayarwa. Kogi, kwaɗi. Kwaɗin da ban taɓa gani ba a rayuwata, har da mai ganga.

"Sun yanke a nan ma!" na ce. "Sun shiga har cikin tsohon sun yanke, sun cusa kwaɗi don su rufe bakinmu!"

Auta ta ce wallahi biri ya yi kama da mutum, ita ma ta tuna wurin sarai, alhali lokacin da kaset ɗin ya mutu ko zama ba ta fara ba. Na rubuta a guruf. Nan da nan wayata ta ɗau zafi. Farfesa ya ce dama ya daɗe yana zargi. Uwar Hawaye ta turo sabon kuka. Wasu suka ce su ma sun lura da kwaɗin tun tuni, wanda ya nuna mini yadda ake bin dokata ta farko.

Mama ta kurɓi shayi. Sannan ta juya ga ɗan gaban goshinta, da muryar da take rufe kowace magana da ita.

"Sun yanke, ai. Ko ba haka ba, ɗana?"

Ya cire gilashinsa. Ya goge shi da bakin riga, abin da na hana shi ba sau ɗaya ba. Ya mayar.

"A'a, Mama."

Auta ta tsaya da biskit a tsakanin hannu da baki. Ni na ɗauka wani ne ya yi magana a talabijin.

"Ba su yanke ba. Babu wurin. Bai taɓa kasancewa a ciki ba. Tun da Likita ta buɗe guruf na so in samo mata wurin in ba ta mamaki. Na samu tsohon kaset a wurin masu sayar da tsofaffin kaya, na aro na'urar kawuna, na kalla. Kwaɗin suna nan. Na samu wani kaset ɗin daban. Kwaɗin suna nan."

"Na gan shi da idona," na ce. "Na ga lakar. Na ji abin da ya ce."

"Da wane yare ya faɗa, Likita?"

Na buɗe baki in ba shi amsar da za ta kai shi ƙofa. Sai na tuna wani abu. Fim ɗin da yaren mutanen da suka yi shi yake, yaren da a wancan lokacin ban san ko gaisuwarsa ba. Amma kunkurun da Hausa ya yi mini magana. Da Hausa mai ɗan kauri, ta mutumin da yake gyara murya kafin kowace jimla.

Sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Na'urarmu ta taɓa cinye kaset ɗin, Baba ya yanke wurin da ya tauna ya liƙe. Duk lokacin da aka zo kogi sai allon ya koma fari da baƙi yana shuuu. Sai Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban talabijin, ya shigar da kai cikin wuyan rigarsa, ya fito da shi a hankali, ya rarrafa a kan kafet zuwa bakin ƙofa ya dawo da tabarau ɗina a baki. Ni kuma ƙwaƙwalwata, da ba ta da aikin yi, ta ɗauki abin ta shafa masa launi ta saka masa kiɗa. Mutane cike da guruf sun yi makonni suna kuka a kan Babana yana rarrafe da singileti.

Mama ta ajiye kofi mai bakin zinariya a hankali.

"Tashi ka fita."

"Mama..."

"A falona, a kan kujerar da yake zama, za ka ƙaryata mijina? Tashi."

Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Ku yi haƙuri, Mama." Na kasa kunne in ji ko zai ƙara da haka ne. Bai ƙara ba. Ya yi tuntuɓe da kafet, wannan karon bai ba shi haƙuri ba.

Na samu Mama a kicin tana wanke kofunan da kanta, don ba ta yarda da hannun kowa a kansu ba.

"Mama, kin sani?"

"Wa kike tsammani ya sayo salatif ɗin da aka liƙe kaset ɗin?"

"Kika bar ni ina ta zagin kamfanin mutane a gaban duniya?"

"Kamfanin ya rame ne? Kin samu abin yi, kin bar ni na huta da gyara mini yadda nake ajiye gilashi." Ta kife kofi a kan tawul. "Yaron nan ba zai sake taka mini kafet ba sai ya zo ya ce ya ga wurin. Da bakinsa."

"In ya ce ya gani, ni kuma ba na so."

"Dama ba kya so."

"Na fasa fasawa."

Ta dube ni sama da ƙasa, da rigar gaisuwar rasuwata.

"Ke dai a rayuwarki sai abin da aka cire kike so."

Guruf kuwa, na rubuta musu abin da ya faru a taƙaice, na ce a saki kamfani a kama kwaɗi. Farfesa, wanda ni na ba shi muƙamin mataimaki, ya amsa cewa abin takaici ne yadda ake sayen shugabanni a wannan zamani. Uwar Hawaye ta ce ita ba ta san Babana ba amma ta ga wurin, shin ita ma a falonmu ta girma? Kafin in gama rubuta amsa sai na ga an cire ni. Ina jin yanzu sun fara shirin zanga-zanga. Ina yi musu fatan alheri, ni na koya musu yadda ake cire mutum.

Na tura wa Haka-Ne saƙo: "Mama ta ce sai ka ce ka gani. Ni na ce in ka ce ka gani kada ka sake kirana."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace. Sannan: "To."

To kawai. Mutumin da ya saba turo mini sakin layi uku don ya yarda da ni.

Washegari da la'asar ya ƙwanƙwasa. Ba lemo, ba biskit, rigar ma ba a goge ta sosai ba. Mama tana kan kujerar Baba, rigunan kujeru sun koma na kullum. Ba ta ce ya zauna ba. Ni ina tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu wanda ban san me na ɗauko shi in yi ba.

"Ka tuna wurin tabarau?"

"Ban gan shi ba, Mama, kuma ba zan ce na gani ba." Ya haɗiye yawu. "Amma duk ɗakin nan ni kaɗai ne ba a taɓa nuna wa ba. Na zo a nuna mini."

Mama ta miƙa wa Auta rimot. Sannan ta ce, "Auta, kunna abin nan. Kai kuma zauna, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Aka kai kogi. Kafin kwaɗo na farko ya buɗe baki ta ce, "Tsayar." Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tsaya a gaban talabijin. Ba ta durƙusa ba, gwiwa ba ta bari.

"Sun haye, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yarinya ta shafa fuska, ba tabarau. Ta fasa kuka. Sai kunkuru ya samu gindin bishiya ya zauna, ya buɗe laima, ya fara yi mata bayani a kan haƙuri."

Na ce, "Mama, ba haka..."

"Sai jimina ta sauke kaya. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta koma cikin ruwan nan, da tsohon ciki, har tashar mota."

"Mama, babu tashar mota a daji."

"Ta durƙusa tana lalube cikin kwata da hannu, motoci suna watsa mata ruwa, har ta same shi a maƙale jikin wata leda. Ta dawo jiƙe sharkaf. Ta miƙa wa kunkuru ta ce riƙe mini in wanke lakar nan. Kafin ta fito daga banɗaki ya shiga ɗaki ya saka wa yarinya, ya yi jawabi, ya karɓe godiya. Har ya mayar da abin fim, ya ba kansa jarumi."

Auta ta dafe ƙirji. "Tsohon ciki? Ashe ina cikin fim ɗin!"

"An canza jarumi!" na ce, murya har tana fashewa. "Mama, abin da kamfanin yake yi ke nan! An ɗauki labarin da kowa ya sani an sake shi, an ba jimina tarihi!"

"Nawa ne na asali. Na babanki ne aka sake, Allah ya jiƙansa, ya iya baki."

Sai muka juya kansa mu biyu a lokaci ɗaya, kowace tana jiran haka ne ɗinta.

"Ba na wurin," ya ce. "Ba zan iya shaida ba." Ya taɓa firam ɗin da ke hancinsa. "Amma tunda yau ana faɗa, Likita, gilashin nan da kika yi mini ba daidai ba ne. Tun ranar farko kaina yake ciwo. Kafet ɗin nan biyu nake ganinsa."

Auta ta faɗi a kujera tana dariya har da buga ƙafa. Mama ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna, ta dube shi, ta dube ni, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta saya.

"Wato duk zuwan nan da kake yi, ba ka taɓa ganin fuskarta da kyau ba?"

"Ina ganin... siffar, Mama."

"To. Gobe ka je shagon ta gyara maka ido. Ka kalle ta tas, da hararar da komai. In ka gani kuma har yanzu kana so, ka kawo iyayenka."

Yanzu haka ina shago nake rubuta muku wannan, a kan teburin da muke ɗaure firam. Na saka riga mai ruwan hoda da na rantse ba zan taɓa sakawa a wurin aiki ba, abokiyar aikina ta tambaye ni ko biki za ni har sau biyu. Yana zaune a kujerar gwaji, firam ɗin ƙarfe a fuskarsa ba gilashi a ciki, kamar yarinyar sabon fim. Na riga na gwada shi, kuma yau ya amsa kowace tambaya: wannan ya fi, wannan bai yi ba, mayar da na farko. Har musu ya yi da ni a kan wani harafi, kuma shi ne da gaskiya.

Na san lambar da za ta gyara masa ido tas. Na kuma san wadda za ta bar ni a yadda ya saba ganina, siffa mai laushi ba harara. Duka biyun suna cikin aljihun rigar aikina, sai karo suke da juna.

"Likita," in ji shi, "ina jira."

"Na ce maka ni ba likita ba ce."

"Na sani. Saka gilashin."